Shekarar da Aka Tone Bayan Ɗakina

Bara, ranar sunan ɗiyar Maryam, ina zaune a gindin gwaiba ina yankan albasa sai na ji Maryam da bakinta tana gaya wa ƙawarta, cikin raha, wai ita sai da ta sa aka tsaya a kan mai binne mabiyiya, don kada a yi mata irin ta Iya Kande. Suka yi dariya, ni ban yi ba. Iya Kande ta daɗe a kabarinta, amma ashe har yau sunanta yana yawo a bakin 'ya'yan da ita ta yanke wa cibiya. Ban ga laifin Maryam ba, abin da ta taso ta ji ke nan. Laifin nawa ne da na bar ku, ku 'ya'yana, da rabin magana shekara da shekaru saboda kunya. Yanzu na wuce shekarun kunya, don haka ga maganar nan cikakkiya.

A lokacin muna gidan kakanku na Rikoto, kafin mu yi namu ginin. Babanku yana awon hatsi, yau yana kasuwar Ribah, jibi yana Kanya, a kan wannan tsohon babur da ba ya tashi sai an tura. Gidan kuwa a hannun Inna yake, mahaifiyarsa. Ku kun san ta tsohuwa mai ɓoye muku alawa a cikin kwalla, ni kuwa na san ta da ƙarfinta, lokacin da tarinta kaɗai kan sa kaji su bar tsakar gida. Ba muguwa ba ce. Mace ce da ta haifi goma ta binne shida, saboda haka ba ta san wani arziki ba bayan ɗa. Ni kuma na shigo mata da ƙafar dama, don a shekara tara na yi haihuwa biyar, daga babbanku, wanda ko a takarda ba zan kama sunansa ba, har zuwa Habibu. Duk ku biyar ɗin a gida na haife ku, a hannun Iya Kande, ungozomar unguwarmu, 'yar siririyar tsohuwa mai taba a baki, wadda idan ta fusata takan bar Hausa ta koma C'lela don zagin ya fi zama.

Haihuwar Habibu ce ta zo da gardama. Da hantsi ne, tsakiyar damina, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yaron ya faɗo lafiya, mabiyiya ta biyo, amma jini ya ƙi tsayawa. Ina jin Iya Kande tana danna marata tana kiran sunana, ina jin muryarta tana nisa. A al'adarmu, ungozoma ce ke binne mabiyiya a bayan ɗakin uwa, ta ajiye ta da igiyar cibiya tana kallon sama, ta rufe da kasko, kuma babbar mace ta gidan ta tsaya a kanta ta gani. Tsofaffinmu sun yarda cewa idan aka binne ta a kife, haihuwar matar ta rufe ke nan. Ran nan babu wanda ya tsaya. Inna tana riƙe da kaina tana salati, babanku ya fita neman mota, Iya Kande ta ruga cikin ruwa ita kaɗai ta binne ta dawo. Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba, sai farkawa na yi a gadon asibiti da ledar jini a rataye.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da muke kira Sista Rifkatu, 'yar garinmu ce, mai faɗa da son mutane. Ranar da za a sallame ni ta kira babanku, ta tsayar da mu biyu kamar 'yan makaranta.

"Hajara, kin leƙa lahira kin dawo," in ji ta. "Idan kika sake ɗaukar ciki baɗi, ban ce za ki mutu ba, rai na Allah ne, amma ni kada a kawo mini ke. Jikin nan hutu yake so, na shekaru."

Ta lissafa mana ƙwaya da allura da robar mahaifa. Ƙwaya dai Inna za ta gani, don babu lungun ɗakina da ba ta sani ba. Allura kuma sai an riƙa zuwa duk wata uku, kuma kowace fita sai na faɗi inda za ni. Roba sau ɗaya ake sawa, ta yi shekaru. Na sha jin mata na cewa tana tafiya a jiki har ta kai zuciya, sai Sista ta ɗauko ɗaya ta ɗora mini a tafin hannu. Wani ɗan farin abu ne, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, mai hannu biyu, an naɗa masa siririyar jar waya, ga zare a ƙasa.

"Duba da kyau," ta ce. "Kin ga ƙafa a jikinta?"

Bayan na yi arba'in muka koma aka sa. Babanku ya yarda da zuciya ɗaya, don ya ga abin da ya gani. Sharaɗinsa guda ne, kuma a bakin ƙofar asibiti ya faɗe shi yana waige-waige: kada Inna ta ji. Mutumin da ke ratsa dajin Ribah shi kaɗai, ga shi yana rawar murya a kan uwarsa. Na yi masa dariya, alhali ni ma tsoron nata nake ji.

Ba zan ɓoye muku ba, shekarun da suka biyo baya suna cikin mafi daɗi a rayuwata. Watannin farko na sha ciwon mara, kuma al'adata ta ƙaru har nakan yi kwana takwas ba na salla, Inna tana ƙirgawa da ido. Daga baya jikina ya saba. Na yi ƙiba, wuyana ya cika, na daina jin jiri idan na tashi daga gindin murhu. A lokacin na fara suyar ƙuliƙuli da matsar man gyaɗa, na karɓi 'yar gona a hanyar rafi. Karo na farko tun aurena na yi damina guda ba ciki ba goyo, na yi noma har na manta da kaina ina waƙa. Na samu lokacin yi wa Maryam kitso ba tare da wani yana tsotso wani yana jan zanena ba. Ko babanku ya ce tuwona ya canza, na ce masa tuwon yana nan yadda yake, mai tuƙawar ce ta samu barci.

Har na yaye Habibu babu wanda ya ce uffan. Da aka shekara da yaye shiru, sai Inna ta fara. Yau saiwa, gobe rubutu, jibi wani jiƙo mai ɗaci daga Kanya. Na sha wanda zan iya sha, sauran kuma gwaibar nan ta tsakar gidan kakanku ta shanye, shi ya sa har yau nake ganin ba ta fasa 'ya'ya. Ni abin dariya na ɗauke shi. Ban san inda zai kai ba sai da Gwaggo Lami, ƙanwar Inna da ke aure a Kanya, ta zo mana kwana biyu. Suna tsinar wake ina wanke-wanke na ji ta tambaya.

"Wai ranar haihuwar yaron ga, wa yat tsaya aka binne mabiyiya?"

Inna ta ce, "Ba kowa. Kande ta, ita ɗai."

"To ai shi ke nan," in ji Gwaggo. "Cikin ruwa, cikin gaggawa, ga tsuhwa. Ta kihe ta."

Wannan ne lokacin da ya kamata in buɗe baki, kuma ban buɗe ba. Na ce wa kaina maganar tsofaffi ce, za ta mutu a nan. Kafin sati ta gama Rikoto. Mai ciki ta farko da ta aika aka kira wata ungozoma daga wata unguwa, Iya Kande ta ɗauka mantuwa ce. Ta biyu ma haka. Daga nan aka daina kai mata kan ragon suna, aka daina aika mata hatsi da sabulu, abin da take ci ke nan tun da mijinta ya rasu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda idan ta ratso layi, sai ka ga uwar miji ta ja surukarta mai ciki zuwa cikin gida. Matar da ta karɓi rabin unguwar a hannunta. Idan muka haɗu a rijiya takan gaishe ni kamar kullum, ta tambayi Habibu, ni kuwa in kasa kallon idonta. Shekara guda cur muka yi a haka.

Sai na yi dabara irin ta matsorata. Na ce wa babanku, tun da jikina ya dawo, Habibu ya shiga shekara ta biyar, bari in je a cire. Idan na samu ciki, kowa zai ga haihuwata ba ta rufe ba, sunan tsohuwa ya wanku, mu kuma asirinmu a rufe. Ya ce wannan ita ce shawara. Ranar Talata na je. Sista Rifkatu ta auna ni, ta tambaye ni sau biyu ko ni nake so ko sa ni aka yi, na ce ni ce. Kafin in gama salati ta ciro ta. Na roƙa ta wanke mini ita ta naɗe a auduga, don a lokacin mata da yawa sukan so su gani da idonsu cewa ta fito duka. Na kawo ta gida na jefa a ƙasan akwati.

Ranar Juma'a ta wannan satin sai ga Gwaggo Lami a bayan babur, da 'yar fartanya a cikin buhu. Ashe sun gama shawara da Inna: za a tone bayan ɗakina a gyara abin da aka ɓata. Ina tsaye ina kallo suka tona. Ba su samu komai ba sai baƙar ƙasa da ɓallin kasko, don me zai rage bayan shekara huɗu? Gwaggo ta juya ƙasar, ta juya kaskon, ta yi 'yan tofe-tofenta, aka mayar aka rufe. Ni a raina har ina cewa su yi ta yi, ba abin da zai rage ni da shi. Ko kaɗan hankalina bai kai ga abin da na haɗa da hannuna ba.

Wata na uku da tonon na fara amai. Inna ta yi guɗa a tsakar gida, abin da ban taɓa ji ta yi ba. Kafin azahar ta aika Kanya, kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa an juya ƙasa, ciki ya shiga. Cikin da na ɗauka don in wanke Iya Kande, shi ya zama shaidar da ta tabbatar mata da laifi. Waɗanda da suke cewa ƙila ba haka ba ne, yanzu suka yi shiru. Har masu cewa da gangan ta yi aka samu. Bayan kwana kaɗan wata maƙwabciya ta gaya mini tsohuwa tana ɗaure kayanta, za ta koma wurin ɗiyarta a wani ƙauye bayan Ribah, wai ta ce ba ta son ta mutu a inda ake gudun hannunta.

Washegari da safe na tare babanku yana ɗaura buhuna a babur, na ce yau zan faɗa. Ya dube ni, ya dubi ɗakin Inna, ya ce ko mu bari ya dawo daga kasuwa. Na ce kafin ya dawo tsohuwa ta tafi. Allah ya ji ƙansa, sai ya kwance buhunan ya biyo ni. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tankaɗe. Na durƙusa, na warware audugar, na ajiye a gefen faifanta.

"Mi ne na wannan?"

"Inna, roba ce ta asibiti. Ita ce a jikina tun bayan arba'in ɗin Habibu. Ita ta hana ni ciki. Kwana uku kafin a tone bayan ɗaki aka cire ta."

"Da sanina aka sa, Inna," in ji babanku, kansa a ƙasa. "Ni na ce a ɓoye miki."

Ta ɗauki abin da yatsu biyu ta juya shi. Na jira zagi a kan roba, a kan jikokin da na hana ta. Ashe ba nan ta nufa ba.

"Hajara," ta ce, "kina nan tsaye nis sa aka tone ƙasa. Kina ji nic ce Kande ta kihe. Shekara guda kina ba ni tuwo ina ci, kin bar ni ina ɗaukar alhakin tsohuwa. Mi zan ce ma Allah?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba, kuma na cancance ta. Ta miƙe ta yafa mayafi, garin da take tankaɗe ko rufe shi ba ta yi ba, ta ce in ɗauko abina in biyo ta. Babanku ta ce ya tafi kasuwarsa, wannan ba maganar maza ba ce.

Mun samu Iya Kande a tsakar gidanta tana ɗaure tukwane da igiya. Ta shimfiɗa mana tabarma kamar jiya muka rabu. Inna ta yi bayani da bakinta, ba ta rage komai ba, har da abin da ita ta faɗa wa mutane. Sannan ta ce in nuna. Iya Kande ko kallon audugar ba ta yi ba. Ta tofar da tabarta gefe.

"Na sani," ta ce.

Inna ta ce, "Kin san mi?"

"Ni nib binne abin nan da hannuna. Ko ido rufe ba ni kihe mabiyiya. To mace lahiya lau, miji lahiya lau, binnewa daidai, mi yar rage? Asibiti suka kai ta. Tun yaye nis san sun yi mata wani abu."

"To don mi ba ki hwaɗi ba, Kande? Kina ji ana cin namanki?"

Ta juyo ta dube ni, irin kallon da takan yi wa mai naƙuda idan tana auna ko da saura, sannan ta amsa wa Inna.

"Ke kanta kika riƙe ran nan, ni ce a ƙasa. Zane uku nim matse, duk jini. Da na buɗe baki, da kun tasa ta gaba sai ta cire, ko jikin ya warke ko bai warke ba. Nic ce bari yarinya ta ƙara shekara guda. Ni tsohuwa ce, zagi ba ya hana ni kwana."

Daga nan ta koma C'lela ta wanke ni tas, wai wace irin wauta ce ta sa na cire saboda ita, wa ya aike ni. Ina kuka tana faɗa. Inna kuwa, wadda ban taɓa ganin gwiwarta a ƙasa don wani mahaluƙi ba, ta sauka daga tabarma ta durƙusa a kan ƙasa ta ce a yafe mata. Iya Kande ta ce ta tashi, kada ta karya mata ƙashi a gida a ce shi ma ita ce.

Iya Kande ba ta tafi ƙauyen ba. Inna da kanta ta bi gida-gida tana warware maganar, amma kun san gyara ba ya gudu kamar ɓarna, wasu sun ji wasu ba su ji ba, wasu kuma tsohon labarin ya fi musu daɗi. Ni ma na biya nawa. Inna ta yi wata biyar ba ta ci abin da na dafa ba, daga gaisuwa sai gaisuwa. A unguwa aka sa mini Hajara mai roba, kuma cikin masu kiran nawa haka akwai waɗanda suka riƙa zuwa sayen ƙuliƙuli su tsaya har kowa ya watse, sannan su tambaye ni da ƙaramar murya ko sawar da zafi. A asibiti na haifi Auta, lafiya lau, kuma bayan arba'in na koma aka sa mini wata, wannan karon da sanin Inna. Da ita na zauna har al'ada ta ɗauke mini, Sista ta cire ta ce na yi ritaya. Ban taɓa nadamar sa ta ba. Abin da na yi nadama shi ne shirun da na yi.

Ku shida ne, kuma duk na ga aurenku, na goya 'ya'yanku, alhamdu lillahi. Ke Maryam, hannun da kika yi wa dariya shi ya fara taɓa ki a duniya. Ba ta taɓa kife mabiyiyar kowa ba. Ta san gaskiya tun farko, tana da bakin faɗa, ta zaɓi ta rasa sana'arta da mutuncinta don uwarku ta ƙara shekara guda tana hutawa. Jikokinta suna nan Rikoto, a gidan da ke bayan injin niƙa. Ku je ku gaishe su, kuma ku karanta musu wannan da babbar murya.